Carrauntoohil: dutsen da bai kai Jos tsayi ba, me ya sa ake tsoronsa?

Ɗalibin Tralee:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ni da abokan karatuna uku mun shirya hawa Carrauntoohil ranar Asabar ta sama, wato dutsen da ya fi kowane tsayi a duk tsibirin Ayalan. Yana gundumar Kerry, kudu maso yammacin ƙasar, tafiyar da ba ta wuce minti talatin a mota daga garin Killarney zuwa gindinsa. Tsayinsa mita 1,038 da 'yan kai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ɗan ƙasar da na gaya wa sai ya gyara zama ya fara yi mini gargaɗi. Mai gidan da nake haya har cewa ta yi in bar mata lokacin da za mu sauko, in ba ta ji ni ba za ta kira masu ceto. Shin akwai wanda ya taɓa hawa a cikinmu?

Kawu Na-Jos:
Wa alaikumus salam ɗana. Mita dubu ɗaya da talatin da takwas ka ce? To ai ɗakin da nake kwana a Jos ya fi ƙololuwar dutsen nan bisa. Garin Jos kansa yana kan kusan mita 1,200, duwatsun Shere da muke hangowa daga ƙofar gida sun haura 1,800. Muna yara a can muke yini da awaki. Ban ga abin tayar da hankali ba, Turawa ne da tsoro. Ka je ka hau abinka, Allah ya tsare.

Baffan Agadas:
Alhaji ya yi gaskiya ta fuskar lissafi. Mu nan yankin Agadas dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, kuma mutane na zaune a kansa da garake da jakuna. Amma ina son jin ta bakin waɗanda ke can kafin in yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Anti Nas:
Kawu, Allah ya ƙara girma, a wannan karon ba zan bi bayanku ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a yankin nan, daga tagar kicin ɗina nake ganin jerin duwatsun, in sun ga damar bayyana, don sau da yawa sai a yi kwana huɗu girgije bai ɗaga daga kansu ba. Na hau sau uku. Na kuma ga waɗanda aka sauko da su a kan makara, wani da karayar ƙafa, wani sanyi ya shige shi har ba ya iya faɗin sunansa. Akwai waɗanda ba su dawo da rai ba. Ƙungiyar masu ceto ta Kerry a 1966 aka kafa ta, bayan mutuwar matasa biyu a duwatsun yankin, kuma har yau 'yan sa kai ne, manoma da malamai da leburori, su bar aikinsu cikin dare su tafi neman baƙon da bai ji magana ba. Ƙanena, mai gidan hayarka ba ta yi zuzutawa ba.

Kawu Na-Jos:
'Yata, ban ƙaryata ki ba. Amma a yi mini bayani da hujja. Ta yaya gajeren dutse zai fi dogo haɗari?

Malamar Jogurafi:
Kawu, da izininku in sa baki, don wannan darasin nake koyarwa duk shekara kuma wurin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Lambar da ake rubuta wa dutse ana auna ta ne daga kan teku. Ba ta gaya wa mutum nawa zai hau da ƙafarsa. Wanda ya tashi daga Jos zuwa kan Shere, mita 1,200 ɗin farko a mota ya yi su tun daga hanyar Zariya ko Akwanga, bai ma sani ba. Abin da ya rage masa 600 ne da 'yan kai. Shi kuwa Carrauntoohil gindinsa kusan a bakin teku yake. Inda ake ajiye mota bai kai mita 200 ba, saboda haka kusan mita 900 mutum zai hau da gwiwarsa, ya kuma sauko su. Zuwa da dawowa kilomita 12 ne ko kusa da haka, yawanci awa biyar zuwa shida.

Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne inda dutsen yake tsaye. Ku duba taswira, daga gaɓar Kerry in aka miƙa yamma babu ƙasa sai Kanada. Iskar da ta taso ta ratsa tekun Atlantika gaba ɗaya tana shan ruwa, abu na farko mai tsayi da za ta ci karo da shi shi ne waɗannan duwatsu. Dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Tashar auna yanayi ta Valentia da ke bakin teku a yankin tana samun kimanin milimita 1,500 na ruwa a shekara, kan duwatsun kuwa ya haura 2,000 nesa ba kusa ba. Dublin da ke gabas, a bayan inuwar duwatsu, wajen 750 take samu. Kuma ruwan ba shi da damina da rani, kowane wata zuba yake. Duk mita dubu da aka hau zafi kan ragu da wajen digiri shida, to a ɗora iska mai ƙarfi a kan jiƙaƙƙen kaya. Mutum zai bar Killarney da 'yar riga ana digiri 13, ya isa sama ya tarar yatsunsa ba sa iya ɓalle maɓalli.

Direban Cork:
Malama, duk na ji, amma a yi adalci. Ni na hau a watan Yuli shekara biyu da suka wuce, da takalmin ƙwallo, da gorar ruwa ɗaya da ayaba. Rana tsaf, har tekun Dingle muka hango. Na ga tsofaffi, na ga yara 'yan shekara goma. Dubban mutane ke hawa kowace shekara su sauko lafiya. Kada a tsorata yaro ya fasa ganin ikon Allah. Mu 'yan Arewa da ke ƙasar nan mun cika zaman ɗaki, daga aiki sai gida sai masallaci, shekara goma mutum bai san abin da ke bayan garinsu ba.

Anti Nas:
Yaya Direba, maganarka ta ƙarshe na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma tana damuna. Amma kai a Yuli ka hau, shi a ƙarshen Oktoba zai hau. A Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa a Kerry sai wajen ƙarfe 10 na dare, ko ka ɓata kana da sararin neman hanya. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya, daga nan ƙarfe biyar da 'yan mintuna magariba ta yi. Ka dace da rana mai kyau, ka gode wa Allah, amma kada ka mayar da sa'arka ta zama dokar kowa.

Bari in ba ku labarin hawana na biyu. Mun isa sama lafiya, muna cin abinci, cikin minti goma hazo ya rufe mu. Ba irin hazon hunturu na gida ba ne da ake ganin inuwar bishiya, wannan girgije ne ka shiga cikinsa, wanda ke gabanka da taku biyar ba ka ganinsa. Muka tashi za mu sauka, ni a raina na tabbata hanyar da muka zo na bi. Wata dattijuwa 'yar yankin ce ta daka mini tsawa ta riƙo jakata. Ashe arewa maso gabas na nufa, kuma ta wannan ɓangaren babu hanya, bango ne a tsaye mai zurfin ɗaruruwan mitoci. Hanyar komawa kudu maso gabas take. Da idona ba zan taɓa bambancewa ba, kamfas ɗin da ke hannunta ne ya raba gardama. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ɗalibin Tralee:
Innalillahi. Anti, wannan ya shige ni. Muna da taswira a waya, ba ta isa ba?

Anti Nas:
Tana taimakawa, amma sanyi na shanye batir, kuma allon waya ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa. Ku nemi taswirar takarda ku sa a leda, da kamfas, kuma a cikinku a sami wanda ya iya aiki da shi. In babu, ku ɗauki ɗan jagora, akwai su a Killarney. Takalmi mai riƙe idon sawu, rigar ruwa da wandonta, hular sanyi, safar hannu, tocila ta goshi, abinci fiye da yadda kuke zato. Banda wandon jins, in ya jiƙe ba ya bushewa. Lambar gaggawa 112 ko 999, ka ce masu ceton kan dutse kake nema.

Kawu Na-Jos:
To na fara fahimta. Amma Malama, abin da nake son sani, a matsayina na wanda ya yi shekara talatin a aikin kuza, wane irin dutse ne? Hoton da yaron nan ya turo jiya na ga launinsa ja-ja ne mai ratsin shuɗi, kuma hawa-hawa yake kamar an jera faranti. Namu na Jos ba haka yake ba, curi-curi ne, wanda ya narke ya daskare a cikin ƙasa.

Malamar Jogurafi:
Idon gwani daban ne, Kawu. Abin da kuka gani daidai ne. Wannan dutsen asalinsa yashi ne da laka. Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarunsa tsakanin miliyan 360 zuwa 400. A wancan zamani ƙasar da ta zama Ayalan tana kudu da layin ikwaita, wuri ne mai zafi da fari. Koguna na gangarowa daga wasu manyan duwatsu da ke arewa, suna kwaso yashi su zube a wani ƙaton kwari da ke ta nutsewa a hankali. Ambaliya ta zo ta shimfiɗa nata, ta bushe, wata ta zo ta ɗora, har kaurin ya kai kilomitoci. Jan launin tsatsar ƙarfe ce da ke cikin yashin, kamar yadda jar ƙasarmu ta samu nata launin. Hawa-hawan da kuka gani, kowane ɗaya shimfiɗar wani ruwa ne da ya wuce.

Akwai shaidar da ta fi burge ni. A tsibirin Valentia, ƙarshen wannan yankin dai, a 1993 aka gano sawun wata dabba mai ƙafa huɗu a jikin dutse, ta taka laka ta wuce shekara kusan miliyan 385 da suka shige. Yana cikin tsofaffin sawun dabba mai ƙashin baya a kan tudu da aka sani a duniya.

Daga baya, wajen shekara miliyan 300, wani yankin ƙasa ya turo daga kudu ya matse wannan shimfiɗa. Ku ɗauki tabarma ku turo ta daga gefe ɗaya, za ta yi tudu da kwari a jere. Haka aka yi. Shi ya sa duwatsun Kerry da Cork duk a miƙe suke gabas da yamma. Teku ta shigo ta cika kwaruruwan, tuddan suka rage a waje kamar yatsun hannu biyar: Dingle, Iveragh, Beara, Sheep's Head da Mizen. Carrauntoohil yana tushen yatsa na biyu, Iveragh, cikin jerin da ake kira MacGillycuddy's Reeks. Maƙwabtansa biyu, Beenkeragh mai mita 1,008 da Caher mai kimanin 1,000, su ne na biyu da na uku a duk ƙasar. Su ukun nan kaɗai suka kai dubu.

Baffan Agadas:
Allahu Akbar. Malama, abin da kika kwatanta ai ƙoramunmu ne. Wata tara babu ɗigo, rana ɗaya ruwa ya sauko daga duwatsun Ayar ya kwaso yashi ya shimfiɗa, gobe ka zo ka ga ya bushe ya tsattsage. Wato ƙasar da yau ruwa ya ishe ta, da can irin tamu ce. Na daɗe ban ji abin da ya sa ni shiru irin wannan ba.

Kawu Na-Jos:
Dutsen yashi kuwa in ya jiƙe santsi gare shi, kuma yana ɓarewa fale-fale. Wannan na san shi. To amma me ya yanka shi ya yi bango a tsaye? Matsewa tudu take yi mai gangare, ba ta yin kaifi.

Malamar Jogurafi:
Ƙanƙara ce, Kawu, kuma nan ne asirin dutsen yake. A zamanin sanyi na ƙarshe, wanda ya ƙare wajen shekara 11,700 da suka wuce, dusar ƙanƙara ta riƙa taruwa a lungunan da rana ba ta cika kaiwa ba, galibi ɓangaren arewa da gabas. Ta taru ta danne ta zama tuli mai nauyin gaske, ta fara gangarowa a hankali tana finciko duwatsu daga bango, tana nuƙa ƙasa da su kamar dutsen niƙa. Da ta narke sai ta bar rami mai siffar akushi, baya da gefe a tsaye, gaba a buɗe, tsakiya ruwa ya kwanta. Carrauntoohil irin waɗannan akusan ne suka ci shi ta kusan kowane gefe. Inda biyu suka ci suka kusa haɗuwa, abin da ya rage a tsakaninsu siririn gini ne kamar kaifin wuƙa. Wanda ya haɗa shi da Beenkeragh haka yake, rami a dama, rami a hagu. A ɗaya daga cikin akusan nan akwai Cummeenoughter, tafkin da ya fi kowane bisa a ƙasar, a kan mita 707.

Ko sunan ma da wannan siffa yake tafiya. Da harshensu na asali Corrán Tuathail ne. Corrán lauje ne. Wasu sun ce laujen wani mutum ne mai suna Tuathal, wasu suka ce ma'anar ita ce lauje a juye, don kalmar tana kuma nufin abin da ya karkata ta hagu. Ko wanne ne, manomi ne ya dubi lanƙwasar dutsen da haƙoransa ya ga laujensa.

Wata rata mai suna Dunloe da masu yawon buɗe ido ke bi da keken doki, tsakanin Reeks da dutsen Purple, ita ma ƙanƙara ce ta fasa ta, ta turo daga kudu ta ratsa jerin duwatsun ta fita arewa.

Ƙanwar Kowa:
Ni tambayata daban ce, a yi haƙuri. Na ji an ce hanyar da aka fi bi sunanta Devil's Ladder, wato tsanin Shaiɗan, kuma a saman akwai ƙaton gicciye. Wurin bautarsu ne? Ya dace Musulmi ya je?

Anti Nas:
Ƙanwata, tambaya ce mai kyau. Hukunci dai na malamai ne, ni abin da na gani zan faɗa. Sunan hanyar saboda wuyarta ne. Wani tsukakken kwazazzabo ne mai tsayi, cike da duwatsun da ba su zauna ba, ruwa na bin cikinsa, wanda ke sama in ya taka dutse ya gangaro wanda ke ƙasa ne zai sha. Babu wani tsafi a wurin. Kwarin da ake bi kafin a kai gare shi sunansa kwarin tsohuwa, Hag's Glen, hanya ta ratsa tsakanin tafkuna biyu, Callee da Gouragh. Sunaye ne na tatsuniya irin namu na Dodo da Gizo.

Gicciyen gaskiya ne, na ƙarfe, tsayinsa mita biyar. Mutanen yankin suka kafa shi a 1976 a madadin wani na katako. A Nuwamban 2014 wasu suka hau suka yanke shi, aka yi ta muhawara a rediyo kan ko ya dace a sa alamar addini a kan dutsen ƙasa, amma cikin 'yan kwanaki mutanen yankin suka hau suka mayar da shi. Duk da haka yawancin masu hawa ba ibada ke kai su ba. Dutsen da aka sani da ziyarar addini shi ne Croagh Patrick da ke gundumar Mayo, mai mita 764, inda dubbai ke hawa Lahadin ƙarshe ta Yuli, wasu ma ba takalmi. Ni a hawana na uku a bakin tafkin Callee na yi alwala na yi azahar a kan fa, babu wanda ya ce mini uffan, wani dattijo ma tsayawa ya yi nesa har na sallame kafin ya wuce.

Direban Cork:
Abin da ni ya ba ni haushi, ashe dutsen ma ba na gwamnati ba ne. Na zaci yana cikin gandun ƙasa na Killarney. Dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasa, a ce mallakin wasu masu tumaki ne? Kamata ya yi gwamnati ta biya su ta karɓa, ta yi matakala da ƙarfen riƙewa, kowa ya huta.

Malamar Jogurafi:
Gandun Killarney, wanda aka kafa a 1932 da kyautar gidan gonar Muckross, shi ne na farko a ƙasar, amma iyakarsa ba ta kai Carrauntoohil ba. Dutsen na manoma ne, wani ɓangare na mutum ɗaya, wani makiyaya ce ta tarayya da gidaje da yawa ke da haƙƙin kiwo a ciki. Shi ya sa za ka ga tumakinsu masu baƙar fuska da fenti ja ko shuɗi a gadon baya, kowane gida da alamarsa.

Anti Nas:
Yaya Direba, a nan ma mun saɓa. Mutanen nan kakanninsu ne suka rayu a wuraren da babu mai so. In ka lura a gefen duwatsun yammacin ƙasar za ka ga tsofaffin kunyoyi ciyawa ta rufe su, can sama inda ba ka zaton ana noma. Kunyoyin dankali ne. Kafin babbar yunwar da ta fara a 1845 mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, talaka ya hau har kan dutse neman inda zai shuka. Cuta ta kama dankalin, kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira. Waɗanda suka rage su ne suka riƙe ƙasar. Mutanen kwarin Black Valley da ke bayan dutsen ta kudu ba su ga wutar lantarki ba sai a shekarun 1970, suna cikin na ƙarshe a ƙasar. Yanzu da wurin ya yi suna sai a ce a karɓe? Ba su sa shinge ba, sun bar kowa ya wuce. Abin da suka roƙa kaɗan ne: a rufe ƙofar gona in an wuce, kada a zo da kare don yana tarwatsa tumaki, kada a zubar da shara. A 2014 aka kafa wani zaure da ya haɗa masu ƙasar da hukuma da masu hawa, kuma su manoman ne ke aikin gyaran hanyoyin da ƙafa ta zaizaye.

Baffan Agadas:
Wannan magana ta 'yata ta taɓa ni. Duk inda makiyayi yake a duniya labarinsa ɗaya ne, ƙasar ba ta da daraja sai ranar da wani ya ga amfaninta.

Direban Cork:
Baffa, ban raina makiyayi ba, ni ma jikan makiyaya ne. Amma kwazazzabon nan kullum ƙara lalacewa yake, kuma rai ya fi ƙasa. Na janye batun karɓewa. Batun gyara mai ƙarfi kuwa ina nan a kan bakana.

Mai Gudanarwa:
An fahimci juna. A ci gaba cikin mutunci kamar yadda aka faro.

Kawu Na-Jos:
Malama, tambaya ta ƙarshe daga tsohon ma'aikacin haƙa. Akwai ma'adini a yankin?

Malamar Jogurafi:
Akwai, kuma zai faranta muku. A Ross Island, bakin tafkin Leane da ke gefen Killarney, an haƙi jan ƙarfe tun wajen shekara 2,400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ita ce mahaƙar jan ƙarfe mafi tsufa da aka sani a Ayalan da Birtaniya. Wuta suke hurawa a jikin dutse har ya tsage, su farfasa da duwatsun hannu. Tafkin Leane kansa a kan wani dutse daban yake kwance, mai laushi, irin wanda ake siminti da shi, ruwa na cinsa, shi ya sa ya yi faɗi. Wani tafkin Killarney da ake kira Tafki na Sama kuwa a kan dutsen yashi yake, ƙanƙara ce ta ƙwaƙule shi, siriri ne. Ruwan kwarin tsohuwa kogin Gaddagh ke ɗauka ya kai wa kogin Laune, shi kuma ya bi ta Killorglin ya faɗa teku. Garin nan ne ake kamo bunsurun daji daga duwatsu kowace 10 ga Agusta a naɗa shi sarkin kasuwa na kwana uku.

Wani abin lura, a taswira yankin yana layi ɗaya da kudancin Labrador na Kanada inda teku ke daskarewa, amma ruwan ɗumi da ke zuwa daga wajen tekun Meziko ya sa sanyin ƙasa-ƙasa ba ya tsanani. Har akwai wata bishiya a dajin Killarney da aka fi sani a Sifen da Fotugal. Ƙasa lambu, sama kuma wata duniya, tsakaninsu tafiyar awa uku.

Ɗalibin Tralee:
Salam. Na dawo da rahoto kamar yadda na yi alkawari. Mun ɗauki ɗan jagora, mun tashi ƙarfe takwas na safe. Kwarin tsohuwa ya fi duk hoton da na gani, tafkunan baƙi ƙirin, ruwa na zubowa daga bango ta ko'ina kamar farin zare. Tsanin ya ci mana fiye da awa ɗaya, da hannu da ƙafa, ruwa na shiga hannun riga. Da muka fito samansa, wajen mita 730, iska ta buge ni sai da na durƙusa. Daga nan zuwa ƙololuwa saura mita 300 kawai, amma girgije ya sauko ya rufe komai, ɗaya daga cikinmu kuma ya fara rawar sanyi yana magana a hankali. Jagoran ya ce mu juya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na so in yi gardama, sai na tuna dattijuwar da ta riƙo jakar Anti. Ba mu sauko ta tsanin ba, mun hau ɗan tudun da ke gabas muka bi wata hanya mai lanƙwasa da ta fi sauƙi ga gwiwa. Ƙarfe uku muna mota. Na kira mai gidan haya tun kafin in cire takalmi.

Anti Nas:
Alhamdulillah. Abokin naka ya warware? Ya sha abu mai ɗumi, ya canza kaya?

Ɗalibin Tralee:
Ya warware sarai, Anti, mun gode. Mun sa ranar komawa a watan Mayu in Allah ya kai mu.

Direban Cork:
In Mayu ne ku sa da ni, zan kawo mota mai cin mutum bakwai. Zan kuma sayi takalmin da Anti ta ce.

Kawu Na-Jos:
Sannu ɗana, Allah ya yi maka albarka. In kun koma ina da saƙo. Ka samo wurin da dutsen ya ɓare sabo, ka ajiye tsabar kuɗi a gefensa don in gane girman ƙwayar yashin, ka ɗauko mini hoto kusa-kusa. Ka kuma duba ko shimfiɗun a kwance suke ko sun karkata, in sun karkata ka gaya mini ta wace fuska.